Wai "rijiyar mai" kaɗai ta ishe mu fassara duk kalmomin masu haƙar mai?

MaiFassara_Kano:
Salamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, na ce bari yau in kawo shi nan tunda na san akwai injiniyoyi a cikinmu. Ni aikina fassara labarai a wani gidan rediyo, kuma duk ranar da labarin mai ya shigo kaina ɗaurewa yake, saboda a Turanci za ka ga kalmomi daban-daban, wannan wayilkat, wannan afirezal, wannan sismik, wannan rizab, mu kuma komai sai mu ce "rijiyar mai" ko "binciken mai" mu wuce. Ranar da Buhari ya je Kolmani, wurin haƙar mai da ke iyakar Bauchi da Gombe, a watan Nuwamban 2022 ni na karanta cewa an gano ganga sama da biliyan 1, ina fitowa daga situdiyo wani dattijo ya bugo waya ya ce yaro, wai man nan kamar tafki yake kwance a ƙarƙashin ƙasa ko kamar kogi yake gudana? Wlh ban iya ba shi amsa ba, kame-kame kawai na yi. Don Allah masu sani ku warware mana, kuma in akwai Hausar kalmomin nan ku ba mu.

DalibarDuwatsu:
Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da tambayar Baba, don ita ce tushe. Ba tafki ba ne ba kogi ba ne. Man yana cikin dutse ne, a 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashin da ya daskare ya zama dutse, kamar yadda ruwa ke zama a cikin soso. Shi wannan dutsen ake kira rezabuwa, ni dai ina ce masa dutsen ma'ajiya. Yawan ƙofofin shi ne forositi, sannan ko ƙofofin suna haɗe da juna har mai ya iya ratsawa shi ne famiyabiliti, kuma abu biyu ne mabambanta, yumɓu yana riƙe ruwa sosai amma ba ya sakinsa, yashi kuwa kana zubawa yana wucewa. Shi man ma ba a nan aka haife shi ba, can ƙasa yake samuwa a wani dutsen laka mai ragowar ƙananan halittun ruwa da suka mutu miliyoyin shekaru, zafi ya dafa su, sai ya riƙa tasowa sama tunda ya fi ruwa sauƙi, har ya ci karo da dutsen da ba ya ratsuwa, wato murfi. In murfin ya lanƙwashe kamar ƙwarya a kife sai ya taru a ciki, gas a sama, mai a tsakiya, ruwan gishiri a ƙasa. Ƙwarya a kifen nan ita ce antikilain, ita da ire-irenta kuma ake kira tarko.

Baban_Ilham:
Ƙwarya a kife! Allah ya yi miki albarka 'yata, shekara nawa ina jin labarin nan ban taɓa gane shi ba sai yau.

Sarkin_Musu:
To in a cikin dutse yake ta ina suka ƙirga ganga biliyan ɗaya? Wa ya shiga ya auna? Ni fa tun ranar na ce zancen siyasa ne, zaɓe saura wata uku a ce an gano mai.

Injiniya_Fatakwal:
Sarkin_Musu ba a Nuwamban 2022 aka gano ba, a Oktoban 2019 NNPC ta sanar, bayan an fara haƙa rijiyar Kolmani ta biyu a Fabrairun shekarar, ta farko ma tun 1999 Shell ta haƙa ta. Abin da aka yi a 2022 bikin fara aikin bunƙasa wurin ne. Amma tambayarka tana kan hanya, kuma a nan ne Malam mai fassara ya kamata ya kula. Ba wanda ya auna da mudu, lissafi ne: faɗin dutsen, kaurinsa, yawan ƙofofinsa, da kason da mai ya cika. Wannan lissafin yana ba ka man da ke kwance. Rizab kuwa shi ne wanda za a iya fito da shi a sayar a ci riba da kayan aikin da ake da su, kuma galibi a duniya abin da ke fitowa bai wuce kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ba, sauran yana maƙale a dutsen har abada. Shi rizab ɗin ma hawa uku ne, na tabbas wanda ake da yaƙinin kashi 90, na kyautata zato kashi 50, na tsammani kashi 10. Ka ga in ka ce wa mai sauraro "an gano" kawai, bai san wanne kake nufi ba.

MaiFassara_Kano:
Injiniya Allah ya ƙara ilimi. Man da ke kwance da man da zai fitu, na rubuta. To saura rijiyoyin, mene ne wayilkat ɗin nan? Na duba ƙamus na ga kyanwar daji na rufe littafin.

Injiniya_Fatakwal:
Hhh ka yi daidai da ka rufe. Wayilkat rijiya ce da ake haƙawa a yankin da ba a taɓa samun mai ba, kasada ce tsantsa, ni zan ce rijiyar lalube. In ta dace sai a haƙa afirezal a gefe-gefe don a san iyakar abin, ina ya fara ina ya ƙare, wannan rijiyar tantancewa. Sai an gamsu kuɗi zai dawo sannan a zo kan rijiyoyin hakowa na ainihi. In kuma ba a samu komai ba, ko an samu kaɗan da bai kai a wahala ba, sai a ce busasshiya, a cika ta da siminti a tafi.

Yerwa_Boy:
Busasshiya kam mu za a tambaya. Rijiya 23 aka haƙa a yankin tafkin Chadi ɓangaren Najeriya a shekarun 1980 da 1990, alamar gas kawai aka gani a wasu, ga shi kuma can Chadi suna tura nasu tun 2003 daga Doba har Kiribi a Kamaru. Mutanenmu in an ce ƙasa ɗaya ce me ya sa nasu ya fito namu bai fito ba ba ka da amsar da za ta shiga kunnensu. Sannan a Yulin 2017 aka yi wa tawagar masu binciken kwanton ɓauna wajen Magumeri, har da ma'aikatan jami'ar Maiduguri a cikin waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙansu. A 2023 aka dawo aka fara haƙa rijiyar Wadi-B.

DalibarDuwatsu:
Amin Yaya. Amma Doba tana kudancin Chadi ne can nesa da tafkin, kwarin duwatsun daban ne, ba dole abin da aka samu can a samu a Borno ba. Ko a unguwa ɗaya wani gidan gaba shida ya tarar da ruwa maƙwabcinsa ya yi goma sha biyu yana fama da fa.

DanDamagaram:
Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar matsalar ninki biyu ce don namu kalmomin daga Faransanci suke, ku ku ce bohal mu mu ce foraj, ku ku ce fetur mu mu ce isans, ganga kuma ma'aikata baril suke cewa. Man Agadem da Sinawan CNPC ke hakowa a jihar Diffa shi ake kawowa matatar SORAZ nan kusa da mu, tun 2011 take aiki, ganga 20,000 a rana, yanzu kuma ga bututu kusan kilomita 2,000 har bakin teku a Seme ta ƙasar Benin. To abin da nake so in ce, in ku kun ari na Ingilishi mu mun ari na Faransa, Bahaushen Maraɗi da na Katsina za su zauna kan tabarma ɗaya ba su fahimci juna ba a kan abu guda. Shi ya sa ni ina bayan a ƙirƙiro na Hausa, irin ƙwarya a kifen nan ko'ina ka faɗa an gane.

Injiniya_Fatakwal:
Don rediyo na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma a kan rig, wato injin haƙar da hasumiyarsa, a'a. Ni shekarata goma sha ɗaya a wannan aiki, akwai Bahaushe, akwai Ijo, akwai Ba'indiye akwai ɗan Filifin a bene ɗaya, in mutum ya yi ihu ya ce kik kowa ya san inda zai ruga, ba lokacin tsayawa fassara ba ne. Yaron da zai nemi aikin nan gara ya haddace su yadda suke.

Ummu_Sadiq:
Ku yi haƙuri mu 'yan baya, mene ne kik kuma? Ƙanina yana karatu a makarantar koyon aikin mai ta Effurun, in ya dawo hutu haka yake ta zuba mana su kamar ya haɗiyi rediyo, Mama har cewa take ya daina zagin mutane da yaren da ba su ji.

Injiniya_Fatakwal:
Hajiya sai na fara da laka kafin ki gane kik. Ana haƙa ne da baƙin ƙarfe mai haƙora da ake kira bit, a ɗaure a ƙarshen jerin fayif-fayif, kowane ɗaya wajen ƙafa 30, ana juya shi daga sama. To ta cikin fayif ɗin ake tura wani ruwa mai kauri, mod, wato laka, ya fita ta bakin bit ya dawo sama ta gefe. Aikinsa ya sanyaya bit, ya kwaso ɓarɓashin dutse, ya riƙe bangon ramin kar ya rufta, sannan babban aikinsa nauyinsa ya danne abin da ke ƙasa. Don shi mai da gas a matse suke, kamar lemon kwalba da aka girgiza. Shi ya sa ake zuba wa lakar garin barayit, wani dutse ne mai nauyi fiye da ruwa sau huɗu. Ranar da nauyin laka ya gaza ƙarfin da ke ƙasa sai gas ya kutso cikin ramin ya fara turo lakar waje, wannan shi ne kik, rijiya ta yi harbi ke nan kamar jaki. Alamarsa ka ga laka tana ƙaruwa a tanki ba wanda ya ƙara, ko an kashe famfo amma rijiya tana ci gaba da amai. Nan take ake rufe BOP, wasu manyan makullai ne a bakin rijiyar masu aiki da ƙarfin haidirolik, wani ya rungume fayif, na ƙarshe kuma ya datse fayif ɗin gaba ɗaya ya toshe ramin. In duk wannan ya faskara shi ne bulo'awut, rijiya ta ɓalle. Abin da ya faru ke nan a tekun Meziko a Afrilun 2010, rig ɗin Deepwater Horizon ya kama da wuta mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara. Ni sau ɗaya na ga kik na gaske, da dare wajen ƙarfe biyu, wani yaro mai kula da tanki ya lura laka ta hau, wlh da aka rufe rijiya agogon awon ƙarfi ya riƙa hawa ƙafafuna rawa suke, duk addu'ar da na sani sai da na karanta, kwana biyu muna juya laka mai nauyi kafin ta kwanta.

Ummu_Sadiq:
Innalillahi. Wannan bayanin ba zan kai wa Mama ba, in ta ji sai ta ce ya dawo ya kama shago.

MaiBohal_Funtua:
Ni duk abin da Injiniya ya lissafa muna yi a aikin rijiyar burtsatse, girma ne kawai ya bambanta. Mu ma muna dama bentonayit, wani irin garin yumɓu, mu yi laka, mu ma muna sa kesin, wato fayif ɗin da ke riƙe bangon rami, namu na roba nasu na ƙarfe da siminti a bayansa, kuma yarana da ba su yi boko ba kesin suke cewa, bit suke cewa, kwamfiresa suke cewa, ba wanda ya taɓa neman fassara. Kalma in ta shiga bakin masu sana'a ta riga ta zama Hausa, siminti da famfo da injin ai ba kakanninmu suka bar mana ba. Abin da ya fi ba ni mamaki zurfin ne, mu in mun yi mita 100 mun yi nisa a yankinmu.

DalibarDuwatsu:
Kolmani ta biyu wajen ƙafa 13,700 ta yi, sama da kilomita 4 ke nan.

Baban_Ilham:
Kai! In kowace gaba ƙafa shida ce kun ga gaba dubu biyu da ɗoriya ke nan. Ashe rijiya gaba dubu da muke ji a baki yarinya ce.

Injiniya_Fatakwal:
Kuma Baba ka tuna in bit ya dakushe sai an zaro fayif ɗin duka an canza an mayar, shi ake kira tirifin. Uku-uku ake kwancewa a jingine a jikin hasumiyar, wato derik, a irin wannan zurfin wajen ɗauri 150 ke nan, akwai mutum ɗaya can sama a kan wani ɗan dandamali yana karɓa, sunan wurin monki bod, allon biri. Ɗakin da direban haƙa yake zama kuma doghaus.

Sarkin_Musu:
Ɗakin kare?? To Malam mai fassara bismillah, gobe ka ce injiniya ya shiga ɗakin kare ya hau allon biri mu ga ko za ka kwana da aikinka.

MaiFassara_Kano:
Hhhh rufa min asiri. Wannan kam rumfar direba zan ce. Amma ka ga irin abin da nake faɗa, su ma Turawan ba wani Turanci mai zurfi suka yi ba, leburorin Amurka ne suka riƙa laƙaba wa abubuwa sunan abin da suka sani a ƙauyensu, don tun 1859 suke wannan aiki, mu sai 1956 aka samu mai a Oloibiri ta jihar Bayelsa. To me zai hana mu ma mu laƙaba namu?

MaiBohal_Funtua:
Akwai wanda ba sai an ƙirƙira ba ma. In ƙarfe ya tsinke ya faɗa rami su fishin suke cewa, wai kamun kifi, mu kuwa tun kaka da kakanni in guga ya faɗa rijiya ƙugiya ake arowa a maƙwabta a zura. Ka ce ana sa ƙugiya ko tsohuwa ta gane. Haka ranar fara haƙa da suke kira sifod, ai kafa dagi ne, saran farko.

DanDamagaram:
Yauwa Alhaji, ka ga ka dawo layina da kanka, ɗazu kai ne mai cewa kesin ya zama Hausa.

MaiBohal_Funtua:
Ban dawo ba. Inda muke da kalma a yi amfani da ita, inda babu kar a wahalar da mutane. Na taɓa jin wani a rediyo yana ta zagaye-zagaye wai "na'urar da ke hana fashewar rijiya sakamakon matsin iska", kafin ya gama numfashinsa ya ƙare.

Dan_Alkaleri:
Ni mutumin yankin ne, kuma kalmar da muka fara sani ita ce sismik tun kafin a kawo rig. Sun zo sun shimfiɗa wayoyi a daji da gonaki layi-layi, kowane 'yan taku an soke wani ɗan ƙarfe kamar ƙusa a ƙasa, wani kawuna ya rantse aljanun ƙasa suke saurare. Har yau ban san takamaiman me ƙusoshin ke yi ba. Amma gsky mu yanzu ba sunan abu ne damuwarmu ba, an ce matata, an ce kamfanin taki, an ce tashar lantarki, mun yi murna har da kiɗa, ga shi muna nan muna zuba ido. Rijiya ta bayar guga ya hana.

DalibarDuwatsu:
Kawu bai yi nisa da gaskiya ba fa, saurare suke yi. Ƙusoshin su ne jiyofon, kunnuwa ne. Ana girgiza ƙasa da wata babbar mota mai faranti a ciki ko a tayar da ɗan nakiya a rami, sautin ya nutsa, duk inda dutse ya canza sai wani kaso ya dawo, kunnuwan su ɗauki lokacin da ya yi, kwamfuta ta haɗa hoton shimfiɗar duwatsun. Kamar mai kankana ne yana ƙwanƙwasawa ya ji cikinta, ko sikanin da ake wa mai ciki. Sai dai hoton siffar tarkon yake nunawa, ko akwai mai a ciki ko ruwan gishiri ne zalla wannan sai bit ya je ya gani.

Sarkin_Musu:
Dan_Alkaleri ka faɗi abin da ke raina. Matatar Kaduna tun 1980 aka buɗe ta, ganga 100,000 a rana aka gina ta a kai kafin a ƙara zuwa 110,000, ina ta kai mu? A bar mu da zancen kalmomi, a fara ba mu fetur mai araha tukuna.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya don Allah, zancen farashi akwai zarensa daban tun makon jiya kuma mun ga yadda ya ƙare.

Injiniya_Fatakwal:
Ko wannan ruɗanin ma na kalma ne. Sarkin_Musu ya haɗa sassa uku wuri guda. Nema da haƙowa shi ne afstirim, ɗauka a bututu da adanawa midstirim, kai wa gidajen mai da sayarwa dawunstirim, kuma dokar man fetur ta 2021 ta raba masu sa ido, hukumar NUPRC tana kan na farko, hukumar NMDPRA tana kan sauran biyun. Samun mai a Bauchi da Gombe bai taɓa farashin lita a Kano ba sai an bi duk wannan hanyar. Malam mai fassara ka iya cewa sashen tushe, sashen jigila, sashen kasuwa.

Ummu_Sadiq:
Tambaya ta ƙarshe in tafi girki, ganga ɗin nan ita ce duro irin na masu manja?

MaiBohal_Funtua:
A'a Hajiya, duro lita 200 ne ko sama kaɗan, gangar mai lita 159 ce, kuma ma'auni ne kawai kamar a ce tiya, ba wai ana ɗura shi a ganguna ba ne.

Yerwa_Boy:
To ni wanda ya fi ɗaure min kai a ce ɗanyen man Najeriya suwit ne, mai zaƙi. Wa ya lasa?

DalibarDuwatsu:
Mutanen da can sun lasa da gaske, da harshe da hanci suke gwadawa. Mai zaƙi yana nufin farar wutar da ke cikinsa kaɗan ce, ƙasa da rabin kashi 1 cikin 100, mai yawan farar wuta kuma su ce mai tsami, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai yana cin ƙarfe. Ɗanyen manmu da ake kira Boni Layit mai zaƙi ne kuma marar kauri, shi ya sa matatu ke son sa, tace shi ba wuya.

MaiFassara_Kano:
Na cika shafi biyu wlh, Allah ya saka wa kowa. Amma mai zaƙi ɗin nan ina tsoron faɗarsa a iska, kar wani yaro ya je ya gwada. Zan ce marar yawan farar wuta. Saura ɗaya da na gani a wani rahoto jiya, wai an ɗora wa rijiya kirsimeti tiri.

Injiniya_Fatakwal:
Tarin famfuna ne da agogunan awo da ake ɗaurawa a kan rijiya bayan an gama haƙa an janye rig, da su ake buɗewa a rufe a daidaita yawan abin da ke fitowa, rassansa ne suka sa aka ba shi sunan. Ka ce kan rijiya.

DanDamagaram:
Kan rijiya ai ko'ina ne a bakinta, ko murfi kan rijiya ne. Ni da za a bi tawa a ce rawanin rijiya, tunda sai ta tabbata mai bayarwa ake naɗa mata.

Sarkin_Musu:
Rawani kuma? Wa ya naɗa ta, hakimi? To ta Kolmani an naɗa mata ko har yanzu tana jiran takarda daga fada?

MaiBohal_Funtua:
Yarana dai na san ko me kuka sa mata gobe in sun gan ta famfo za su ce.